Aiken Dambun Bado

Talata: Kano zuwa Gashuwa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Yaya Sani ya sauke ni a tasha. Matarsa, Anti Fanna, ciki wata uku, kwana huɗu ke nan ko koko ta kurɓa sai ya dawo. Abu ɗaya take kira: dambun bado, kuma na hannun mahaifiyarta a Gashuwa. Ni ce na gama sakandare ina zaune a gida, ni aka aika. Na ce wai badon nan na kududdufi da kwaɗi ke hutawa a kai? Yaya ya ce in rufe baki in shiga mota.

Ba mu tashi ba sai bakwai saura. Shinge biyar na ƙirga, ko'ina sai an buɗe but. Sha ɗaya da kwata muka shiga Nguru, na sauya mota. Direban dattijo ne, Malam Bukar, tafiya yake kamar ya ɗauko ƙwai. Wajen Jajimaji na kasa daurewa.

"Baba, motar ce ba lafiya ko kai?"

"Ke ce, 'yata," in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

Ɗaya da rabi muka isa.

Gidan Iya

Iya, mahaifiyar Anti, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai idon ganin komai. Ta nuna min 'ya'yan badon a faifai, ƙanana kamar ridi, masu duhu. Ta ce da kwalekwale ake tsinko kawunansa a fadama, a shanya, a sussuke. Ta turara shi, ta marmasa bandar kifi a ciki, ta kwarara man shanu, ta turo min kwano.

Na ce na ƙoshi. Matan gidan suka koma yarensu suna dariya. Iya ta ce wanda bai ci abincinta ba, ba ya ɗaukar mata shi.

Na ɗebi kaɗan, na rufe ido. Jama'a! Ga gardi kamar soyayyar gyaɗa, ga ɗan ƙamshin ruwan sama na farko, ga kifin nan ya ratsa ko'ina. Kwano uku na tashi da shi, har ƙanzon tukunya na kankare. Iya tana kallona. A ɗakinta na kwana, ciki ya yi min nauyi ko juyi ba na iyawa.

Laraba: komawa

Da asuba ta dafa sabo, ta cika kula, ta ɗaure da ɗankwali. Ta raka ni tasha, ta sa ni a motar da za ta Kano kai tsaye, ta daɗe tana magana da direban a gefe. Shida da rabi muka tashi.

Kular tana kan cinyata, ƙamshi yana fitowa ta bakin murfi. A Nguru na ce bari in duba ko ya huce. Bayan Birniwa na ce bari in daidaita samansa. Taya ta fashe kafin Malam Madori, muka yi awa guda a gindin bishiya. Da muka tashi na leƙa, sai na ga fuskata a gindin kula.

Daga nan har Kano ina neman abin da zan faɗa wa Yaya. Mace kwana biyar ba ta ci ba, ni kuma na cinye maganinta a hanya. Na shirya ƙarya uku, duk ba mai tsayawa.

Ƙarfe ɗaya muka shiga tasha, Yaya na tsaye yana miƙo hannu. Kafin in buɗe baki direba ya durƙusa, ya jawo wata kula daga ƙarƙashin kujerarsa, ta fi tawa girma.

"Iya ta ce wannan ta mai ciki ce, a hannun mijinta zan ba da. Waccan kuwa kuɗin motar 'yar aike ce, don ta ga yadda take ci."

Anti ta cinye rabi a zama ɗaya, bai dawo ba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, godiya ga Iya da ta gane halina a wuni ɗaya. Sauran rabin Anti ta kulle shi a ɗakinta, makullin yana ƙugunta.