Mati Mai Basilla, Wanda Ya Raba Jirgi Da Gaisuwa

Kafin rana ta leƙo kan gonakin auduga, Malam Mati ya riga ya jingine kekensa a gindin ɗorawar da ke bakin filin jirgin feshi, can hanyar Bakori. Jar ƙasa ce kawai aka daddaɓe, sai rumfar kwano ɗaya da gangunan mai. Yakan shimfiɗa buhu a ƙarƙashin hancin jirgin, ya kwance fulogai ɗaya bayan ɗaya, ya jera su kamar mai tallan ƙwai. Sannan ya zaro basilla daga hularsa, irin wadda ake ɗinke bakin buhu da ita, ya duƙufa yana tsokano wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan toka daga cikin kowane fulogi. Shekara goma sha biyar ke nan, tun 1974. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ƙwayoyin nan dalma ce, wadda ake haɗawa a man jirgi. In injin ya ɗauki zafi sosai, sai ta bi hayaƙi ta fice. In bai ɗauka ba, sai ta taru a bakin fulogi ta kashe wuta. Bayanin ke nan kaf, ɗan aji huɗu ma zai gane. Amma shekarar da fari suka sauko, masu rawani da masu kwat duk sun kasa ganewa.

Shekara uku ke nan da suka wuce. Dawa ta fitar da kai tana nono, sai ga fari ta wajen Danja, suna cin gona guda kafin a yi azahar. Jirgi ɗaya ne a yankin nan, matuƙinsa kuma Kyaftin Maitama, mutumin Musawa, mai ladabi har ya yi yawa. Kwana uku a jere jirgin yana zabura, ya kai tsakiyar fili, ya hau tari da karkarwa, Kyaftin ya taka birki ya dawo.

Nan fa kowa ya zama masani. Aka ce fari sun zo da iskokinsu. Aka yayyafa wa fiffike rubutu, fasto ma ya zo da 'yan waƙarsa, kada a bar kowane ɓangare a baya. Addu'a abu ce mai kyau, amma ban taɓa jin wanda ya ce ta hana mutum duba fulogi ba. Daga ofis kuma aka aiko cewa laifin Mati ne, tsohon bakaniken babur marar takarda, za a turo ƙwararre nan da kwana goma. Kwana goma! Ko karan dawa ba zai tarar ba.

Liatu, mai sayar da kunu a gindin ɗorawar, ita ta ga abin da ya biyo baya. Ta ce a rana ta uku Mati ya zo ya zauna kusa da tukunyarta, murfin gwangwani a hannunsa cike da ƙwayoyin dalma, yana ta juya su da basilla.

"Baban Mairo, gero kake tsinta ko kuwa?"

"Liatu, da can sai na yi mako kafin in tara rabin wannan. Wannan na safiya ɗaya ne. Man bai sauya ba, hannuna bai sauya ba. Me ya sauya?"

"Ciniki ya sauya, Allah na gode maka. Tun da fari suka zo, kullum tukunya biyu nake sayarwa. Dagaci da jama'arsa ba sa fashi."

Ta ce sai ya ƙura mata ido har ta tsargu, sannan ya tuntsire da dariya, ya sayi kunu kofi biyu bai sha ko ɗaya ba.

Ga abin da ke faruwa. Da an tayar da injin, sai Dagaci Shitu ya iso da dattawan ƙauyuka shida, don ba a barin mutum ya tafi aikin ceton gari ba a gaishe shi ba. Su jeru a bayan fiffike, kowa da tasa: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya muka ji da wannan masifa, Allah ya kai ka lafiya. Kyaftin kuwa ba zai bar dattijo yana ihu ba. Sai ya rage wutar injin har ƙasa don ya ji, ya amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Rabin awa injin na numfashi sama-sama ba zafi, dalma na taruwa. Ladabi ne ya hana jirgi tashi.

Ganewa ba ta kai faɗi wuya ba. Wa zai ce wa dagaci gaisuwarsa ce ke ciyar da fari?

Washegari Mati ya goge fulogai tas, ya ari tabarmi uku ya shimfiɗa a gindin ɗorawa, nesa da jirgi. Da dagaci ya sauko daga babur, Mati ya tare shi, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Kyaftin ya wakilta ni. Yau duk gaisuwarsa a hannuna za a bar ta. In ya sauko zan isar masa, ba zan rage ko ɗaya ba."

"Kai Mati, yaushe aka naɗa ka wazirin jirgi?"

"Ɗazu, ranka ya daɗe. Rawanin ne bai iso ba."

Dagaci ya yi dariya, ya zauna, ya fara: "To, ina kwana?" Bai kai ga "ina iyali" ba, ƙara ta cika fili. Jirgin ya sheƙa a guje ba tari ko ɗaya, ya tsallake kan ɗorawa har hulunan dattawa suka zube. Mata suka saki guɗa. Kwana huɗu yana feshi, kullum Mati na kan tabarma yana amsa gaisuwar mutum talatin. Da ƙwararren ya iso, sai ya tarar ana shirin yankan dawa. An ba shi kunu.

Malam Mati, baban Mairo, mai basilla a hula! Kai ne ka duba cikin fulogi a ranar da kowa ke duban sama. Kai ne ka gyara injin ba ka ɓata wa dattijo rai ba, kuma na biyun ya fi wuya. Takardar yabo ta tafi ofis da sunan wani. Tuwon da muka ci a shekarar nan kuwa ya san hannun da ya cece shi. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya albarkaci Mairo da ƙannenta.

Ku kuma masu sana'a, in abu ya lalace, kafin ku nemi wanda ya yi muku asiri, ku tambayi kanku me ya sauya. Sannan in watan nan ya ƙare, ku je Bakori ku gaishe shi. Ku ɗaga murya, ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu. Ku ja gaisuwar iya son ranku, har ku tambayi lafiyar awaki. Yanzu ba jirgin da ke jiransa.