Ƙaramar Sufacaja a Motar Babanmu

Da mahaifinmu ya rasu, motarsa ta zama tamu mu biyu, ni da Yayana, amma a hannuna take. Tsohuwa ce 'yar Jamus mai ruwan toka, ina kuma sonta ba kaɗan ba. Aibinta ɗaya, ba ta da ƙarfi. Da zarar an ɗora mata buhu uku na masara daga gonarmu ta Tirwun sai ta kama nishi, 'yan acaɓa suna wuce mu suna waige. Yaya ya gaji, ya ce a sayar a sayi akori-kura. Da ƙyar na roƙe shi ya ba ni zuwa kaka. In ta kasa kwaso amfanin gonar bana, magana ta ƙare.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin sufacaja. Na'ura ce da ake ɗaura wa inji, bel yana juya ta, ita kuma tana hura masa iska kamar zugazugin maƙeri, sai wuta ta ƙara ci. Na dace da guda biyu a wurin wani mai sayar da kayan mota na hannu, babba da ƙarama. Babbar na ƙyalla wa ido, don ni a ganina wanda zai yi abu ya yi shi da gaske. Mai shagon ya yarda in kai duka biyun wa makanike ya duba.

Makaniken wani dattijo ne mutumin Bogoro, garejinsa na Fadaman Mada, shi yake duba motar tun zamanin mahaifinmu. Na sauke masa su ina washe baki. Ko taɓa su bai yi ba.

"Gobe da safe ka zo ka ɗauke ni, Malam," in ji shi. "Duk inda kake zuwa, ka je da ni."

Haka kuwa aka yi. Muka je ofis, muka kutsa cunkoson Kasuwar Muda Lawal na sayi gishiri da manja, muka kama hanyar gona. Shi dai yana zaune a gefena, ya dubi ƙafata a kan totur, ya dubi allurar da ke nuna juyin inji. Da muka samu sarari na taka mota don in nuna masa ni ma ba baya ba ne.

"Ka yi tuƙi yadda ka saba," ya ce. "Ni ba budurwa ba ne da za ka burge."

Da la'asar muka dawo gareji, ya yanke hukunci. "Tun safe alluran nan bai kai rabi ba. Babban nan na masu tsere ne, da ƙarfin inji yake juyawa, a cikin gari cin ƙarfin kawai zai yi. Ranan da ya hura da gaske kuma iska zai yi zafi, man da muke saya ba zai ɗauka ba, fistin zai narke. Ƙaramin shi ne naka."

Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, ban taɓa musun wannan ba. Na ce, "Baba, motar nan tawa ce ko taka?"

"Na babanka ne. Ka kai babban wani gareji. Ni ba zan kashe injin da na yi shekaru ina raino ba."

Kwana biyu ina kumbure-kumbure, sannan na mayar da babbar shago, na koma masa da ƙaramar kamar ba ni ne na yi faɗa ba. Bai tayar da zancen ba. Kwana goma ya yi yana aikin: mai walda ya haɗa mata mazauni, aka nemo bel daidai tsawo, shi kuma ya ƙara wa injin yawan fetur gwargwadon iskar da zai riƙa sha. Daidai ruwa daidai ƙurji.

Ranar kwasar masara Yaya ya zo da kansa. Muka cusa buhu uku a but, biyu a kujerar baya, ya zauna a gaba ya harɗe hannuwa. Daga gonar akwai wani rafi da ake gangarawa a hau. Da muka doshe shi na sa giya ta biyu na taka a hankali. Wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet, mota ta haye tudun nan sumul, ko tari ba ta yi ba. Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, ina dukan sitiyari ina kabbara. Na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Muka iso ƙofar gida. Da aka gama sauke buhunan Yaya ya zagaya motar sau ɗaya, ya share ƙurar madubi da hannun rigarsa.

"Jibi ina da ɗaurin aure a Dass, ka bar mini makulli," ya ce. "In kuma wani ya taya, ka ce masa ba ta sayarwa ba ce."