Kalmar da Ta Mai da Inna Tanti

Duk danginmu an san Inna Fatsima ba ta da kishi a kan kaya. Ki ari zanenta ki ƙi mayarwa, ba za ta tanka ba. Amma a kan Ruwaida, sai a hankali.

'Yar Damagaram ce, tana dafa wa yara abinci a wata lakwal, wato makaranta, a Montreuil ta ƙasar Faransa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ƙanwarta Mardiya ta haifi 'yar fari tana tsakiyar karatu a Lyon, ana yaye yarinyar ta kawo mata riƙo, yadda ake yi a gida. Ɗakin Fatsima can ƙarshen bene yake, ba asansar, na'urar nan mai kai mutum sama, kuma a bayanta Ruwaida ta yi ta hawa da sauka har ƙafarta ta yi ƙwari.

Da Ruwaida ta samu jami'a a Lyon, tana karanta Ingilishi da Sinanci, sai ta sauka wurin Mardiya. Tun daga nan Fatsima ta rasa sukuni, tana tsoron a ƙwace mata 'ya tana ji tana gani. In yarinyar ta ce a waya, "Maman ta yi dambu," sai ta ce, "Dambun Mardiya? Allah ya bar miki haƙoranki."

Wata Asabar maƙwabciyarta Madam Zhu, tela 'yar ƙasar Sin da ke koyon Ingilishi saboda jikokinta na London, ta tare ta a matakala da waya a hannu. Ashe Ruwaida na yin gajerun bidiyo tana koya wa masu jin Sinanci Ingilishi. Darasin ranar kan kalmomi biyu ne, *bring up*.

"'Yarki ce!" in ji Madam Zhu da Faransancinta mai gutsi-gutsi. "*Bring*, kawowa. *Up*, sama. Ta ce uwarta ta hau da ita sama."

Fatsima ta fara murmushi, sai ta duba da kyau. Kicin ɗin Mardiya ne. Ga Mardiyar ma tana wucewa ta baya da butar shayi, daidai lokacin da yarinyar ke kiran uwa. Murmushin ya tsaya.

"Wane saman Mardiya ta taɓa hawa da ita? Gidanta a ƙasa yake!"

Washegari ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da kwalbar yaji, wai yajin ne ya kawo ta. Gaisuwa ma ba ta bari an gama ba.

"Ruwaida, Madam Zhu ta nuna mini bidiyonki. Zo ki gaya mini benen da uwarki ta hau da ke."

Yarinyar ta yi sororo, can ta gane, ta fashe da dariya. "Inna, kuskuren da ɗalibaina ke yi ke nan, shi ya sa na yi darasin. Ba a raba kalmomin. In suka haɗu, ko tayar da zance suke nufi, ko yin amai, ko reno."

"Aman naki ma ni na kwashe."

"To ai abin da na ce ke nan! Madam Zhu rabi ta ji. Cewa na yi mahaifiyata ta haife ni, amma *my aunt*, wato tanti, ce ta rene ni."



"Tanti?" Fatsima ta dire kwalbar yajin. "Ni ce tanti? Mai ƙosan bakin kasuwa ma tanti kike ce mata."

"Inna, Ingilishin ne ba shi da wata kalmar."

"To ya je ya nemo."

Mardiya, wadda saboda kunyar 'yar fari ba ta taɓa kiran sunan Ruwaida ba, ta ce a hankali, "Yaya, 'yarki ce, kowa ya sani. Ke an ce kin rena. Ni haihuwa kawai aka bar mini, sai ka ce asibiti." Idonta ya yi ja.

Fatsima ta ji tausayin ƙanwarta, gaskiya ta ji. Amma ta kuma ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ba ta ko yi ƙoƙarin korar shi ba.

A gabansu Ruwaida ta sake ɗaukar darasin. Inda ta ce tanti a da, yanzu ta ce, "Inna *brought me up*."

Bayan kwanaki Madam Zhu ta sake tare Fatsima a matakala, fuskarta a damuwa. Ta ce ta duba ƙamus kaf, ba ta ga wata kalmar Ingilishi wai ita Inna ba.

"Ba za ki gan ta ba," in ji Fatsima, tana gyara mayafi. "Ni ce."

Ta karɓi wayar ta sake kallo. Ta tsuke baki.

"Butar Mardiya dai har yanzu tana ciki."