Baftisma da Butar Alhaji

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: cikina ne ya kai ni coci. A shekarar yunwar nan, Fada, limamin cocin Katolika, yana raba alkama da madara a Bawku, ni kuwa na lura layin masu koyon katakisim ya fi saurin tafiya. Na shiga. Ajina uku a makaranta, amma Allah ya ba ni kan haddar aku, sai ga shi an yi mini baftisma. Da yunwa ta wuce, ni ma na wuce. Abin da ya same ni bayan haka a Salaga, har a rufe ni da ƙasa ba zan manta ba.

Na sauka a zango, gidan wani Alhaji dillalin doya, ya ba ni ɗaki da aikin lodi. Ban taɓa ce masa ni Musulmi ne ba, ban kuma ce masa ni Katolika ne ba. In an kira salla, sai in tuna akwai igiyar da ban ɗaure ba. Gani nake ranar da ya sani, ranar zan rasa ɗaki da tuwo. Abu ɗaya ne ya ƙi barina: hannuna ba ya shiga kwano sai ya yi alamar gicciye. Sai na koya masa dabara, goshi, ƙirji, kafaɗa, kafaɗa, da sauri kamar mai korar ƙuda. Shekara uku ina korar ƙudan nan, ina jin kaina gwanin wayo.

Wata rana da hantsi aka kawo wani ɗan ƙwadago a keke daga gonar doya. Maciji ya sare shi kwana biyu da suka wuce, ƙafar ta kumbura kamar turmi, jini na fita ta dasashinsa. Aka kwantar da shi a rumfar Alhaji, aka tafi neman mota. Yana magana, ba mai ji, don Kusasanci yake yi.

Alhaji ya ce, “Kai ɗan Bawku, zo ka ji mana yarenku.”

Na durƙusa. Mutumin Pusiga ne, kusa da Bawku, da ’yar lambar Uwa Maryamu a wuya. Ya ce shekara biyu yana koyon katakisim, saura kaɗan a yi masa baftisma ya taho ci-rani. Ya ce, “Ɗan’uwa, a kira mini Fada. Kada in tafi haka.”

Na ɗago na ce wa Alhaji, “Sambatu yake yi, Baba. Zafin dafi ne.”

Har yau in na tuna wannan ƙaryar, bakina ɗaci yake yi. Mutum yana roƙon lahirarsa, ni ina lissafin tuwona.

Alhaji ya ce, “Sambatun da ake cewa Fada sau uku? Ni ma na ji wannan.” Ya aiki yaronsa a babur, ya dawo ya ce Fada ya tafi rangadin ƙauyuka wajen Kpandai, sai jibi.

Mutumin ya riƙe hannuna, numfashi yana sarƙewa. A nan ne wata maganar katakis ɗinmu, malamin katakisim, ta faɗo mini, wadda na ji da rabin kunne ina hangen buhun alkama: in mutum yana bakin mutuwa, babu Fada kusa, kowa yana iya yi masa baftisma, ruwa dai da kalmomin. Na yi ƙoƙarin korar maganar yadda nake korar ƙuda, ta ƙi tafiya. Na duba rumfar, kowa da carbinsa irin nasu. Ba kowa sai ni.

Na ce, “Baba, ni Katolika ne.”

Ya ce, “To, sai me? Yi abin da kuke yi, mutum yana tafiya!”

Na ce ruwa nake so. Ya miƙo mini butar alwalarsa da hannunsa.

Na tambayi mutumin ko ya ba da gaskiya, ya gyaɗa kai. Na tambayi sunan da yake so, bakinsa ya riga ya yi nauyi, sai na ba shi nawa, don shi kaɗai ya zo mini. Na zuba masa ruwa a ka sau uku, ina cewa: “Ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.” Ya saki hannuna a hankali. Kafin mota ta iso ya cika.

Da Fada ya dawo na je na faɗa masa komai, har da alkamar. Ya sa na maimaita kalmomin, ya ce sun yi daidai, ya kuma zaunar da ni ikirarin zunubi mai tsawo. Daga baya na koma Yendi, inda na yi shekaru ina bin katakis gaishe da marasa lafiya. Abin da na koya shi ne, Ubangiji ba ya jiran mutum ya yi hankali kafin ya aike shi. Da alkama ya jawo ni, da doya ya ajiye ni a inda zai buƙace ni.

Amma a ranar, bayan an ɗauke gawar, na shiga ɗaki na fara ɗaure tabarmata. Alhaji ya leƙo ya ce ina zuwa. Na ce na ɗauka zamana ya ƙare.

Ya ce, “Ajiye, sakarai. Tun makon da ka zo na sani. Ƙudan da ke sauka wuri huɗu kullum, ba ya kuskure? Ni dai abin da nake tambayar kaina: wanda ya iya ɓoye Ubangijinsa saboda tuwo, ni Alhaji nawa zai sayar da ni?”

Alhaji ya rasu da daɗewa. Har yau ban ba shi amsa ba.