Ni Na Koya Musu Ɗaurin

Ranar da aka kira mu wani ƙauye a bayan Garhanga ba ta fita daga raina ba har yau. Damina ce, ina anfirmiye mai bin ambulan a Keita, wato ma'aikacin jinyar da ke zama baya da marar lafiya har a kai asibiti.

Sati biyu kafin nan an tara mu a Tahoua, an yi mana farmasiyo, wato horo, na kwana uku kan sabon tsarin aikin gaggawa. Cikin abin da aka sauya har da saran maciji. A da, idan maciji ya sari mutum, ɗaure gaɓar ake yi tamau don kada dafi ya hau. Yanzu an ce ɗaurin kashe ƙafar yake yi. In mun tarar an ɗaure, sai mu sa ƙarin ruwa, mu fara maganin dafi, sannan mu sassauta a hankali. Na rubuta duka, na ci shinkafar taro, na koma Keita. Shekara da shekaru ni ne mai yawo ƙauyuka ina koya wa mutane ɗaurin nan, har da zane a allo.

Mun tarar da wani manomi, Illa, kwance ƙarƙashin gawo. Kububuwa ta sare shi a diddige yana noma. An ɗaure masa ƙwauri da robar tayar moto, ɗauri mai kyau, irin wanda da nake yaba wa ɗalibi. Ƙafar ta yi sanyi, ta soma baƙi. Muka ɗora shi a mota, na sa ruwa, na fara magani. Da na kai hannu ga robar, sai yayansa, wani dattijo da ake kira Agali, ya riƙe mini wuyan hannu.

“Likita, bar ta nan. Wani babban likita ya koya muna wanga ɗauri, ya ce ko wa ya zo kar a kwance.”

Na ciro takardar sabon tsarin da aka ba mu a Tahoua na nuna masa hatimi.

“Ban iya karatun boko ba,” in ji shi. “Amma wancan mutum ya san aikinai, ba irin ku na yanzu ba.”

Ban taɓa jin yabon da ya yi mini nauyi haka ba. Na ce masa ai wancan likitan ne ya aiko ni.

“To shi zo da kainai.”

Shofer ɗinmu ya juyo ya dube ni, ya mai da kai ga sitiyari. Illa yana nishi. Na san kowane minti na gardamar nan daga ƙafarsa ake cire shi.

Na ce, “Baba, ni ne. Ni na koya muku, kuma abin da na koya muku ba daidai ba ne.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ka yi ƙiba.”

“Na yi.”

“Tun da ka sauko mota na gane ka. So nike in ji da bakinka. Takarda ba ta jin kunya.”

Ya saki hannuna. Na sassauta robar kaɗan-kaɗan har muka isa Keita. Illa ya yi kwanaki a gado, ya rasa yatsa biyu, ƙafar ta tsira.

Ku sababbin shiga wannan aiki, sauya tsari a takarda aikin kwana uku ne. Wanda ka zuba a kunnen mutane kuwa sai ka koma ka kwashe shi da bakinka, gaban waɗanda suka yarda da kai. Na yi rani guda ina bin kasuwanni, daga Garhanga har Allakaye, ina ƙaryata kaina. Ban taɓa tara jama'a kamar lokacin ba: kowa yana son ya ga likitan da ya zo ya ce ya yi kuskure.