Muryar Mahaifina a Murhun Banda

Shekarun baya, gab da yaƙin duniya na biyu, wani Bajamushe marubucin tarihi ya sauka gidanmu a Gashuwa. Labarin kakannin Badawa ya zo nema, aka ce masa kaf garin babu wanda ya riƙe shi kamar mahaifina. Yana da wani akwati mai ƙaho. In tsoho ya yi magana a ƙahon, sai muryar ta zauna jikin wasu gwangwanaye na kakin zuma. Ranar da na fara jin akwatin ya yi gyaran murya irin ta Baba, sai da na nemi ƙofa, ga ni da gemuna.

Mahaifina ya rasu da damina. Bajamushen ya bar mana akwatin amana, ya tafi Nguru karɓo kaya a tashar jirgin ƙasa. Can aka kama shi, wai yaƙi ya tashi. Nan da nan magana ta cika kasuwa cewa da akwatin yake aika wa ƙasarsu asirin Turawan Ingila, kuma duk gidan da aka same shi, maigidan sai kurkuku.

Wani abokina ya ce, "Kai, jefa shi kogi ka huta."

Na ce, "Baba na ciki, in jefa shi kogi?"

Na cusa shi har da gwangwanayen cikin murhun bandar kifi, na rufe da kirare, ban gaya wa kowa ba. Wai ni mai dabara.

Da hantsi 'yan doka suka shigo. Suka zazzage rumbu, suka warware komar kamun kifi. Ashe mahaifiyata ta hango bakin ƙahon a ƙarƙashin kiraren. Ta ɗebo garwashi ta zuba, ta jera tarwaɗa a kai. Wani ɗan doka ya matso zai leƙa, hayaƙi ya kore shi.

Suna fita na tone wutar da hannuna. Kakin ya narke ya bi toka.

"Inna, kin ƙona Baba!"

"Shi ya riga ya tafi. Kai ne ba zan bayar ba."

Na daɗe ina fushi da ita, Allah ya jiƙanta. Sai da na haifi nawa na gane.

Bayan yaƙi na ji Bajamushen ya rubuta littafi da yarensu, sunayen kakanninmu na ciki. Na gode masa. Amma har yau in ina jera wa jikokina sunayen, akwai inda nake kakarewa. Sai in riƙa shafa tabon hannuna, ina jiran tsoho ya yi gyaran murya.