Inna ta tafa kafin in gama kiɗan

A zamanin shugaban ƙasarmu na farko ni budurwa ce mai rawar kai, ina buga tafireta a biro, wato ofis, na wani kamfanin auduga a Garuwa. Daga duwatsun wajen Mayo-Oulo muka sauko ni da mahaifiyata bayan rasuwar babana. Inna tana sayar da daddawa a kasuwa, ni kuwa gani nake duk garin babu mai saurin yatsu kamata. Wata sista a mishan ɗinmu ta lura da yatsun nan, ta zaunar da ni gaban tsohon piyanon majami'a, ta ce in na dage ni zan kaɗa wa mawaƙa ranar Kirsimeti. Tun daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Sista ta gargaɗe ni cewa piyano ba ya son leƙe, sai an yi masa dogon zama kullum. To ina lokacin? Da safe biro, da yamma biro, in an tashi ga ɗiban ruwa ga girki. Abin da ya rage shi ne hutun midi, lokacin da ake rufe ofisoshi kowa ya gudu gida saboda zafin rana. Nan ne muke cin abinci da Inna muna hira. Na ƙwace lokacin nan na ba piyano. Nakan ruga mishan gumi sharkaf, in kaɗa har yatsuna su sage, in koma biro da yunwa. Ko a gida na zauna, yatsuna na kan tire suna ƙwanƙwasa, zuciyata na can.

Ana cikin kakar auduga, aiki ya yi mana katutu, Inna ta ce kunnuwanta na ciwo har suna ruwa. Ta roƙe ni in raka ta asibiti da midi, don can Faransanci ake yi, ita kuwa daga yarenmu sai Hausa da Fulatanci. Na ce gobe. Goben ta zo na ce sai aiki ya lafa, daga baya na ce ta yi haƙuri a wuce Kirsimeti. Ta riƙa ɗiga man shanu mai ɗumi, har ta daina maganar, ni kuma na ɗauka ta warke. In na yi magana ba ta amsa ba, sai in ce fushi take don na daina zuwa cin abinci. Kunya nake ji in faɗa, amma shirun nata daɗi ya yi mini, ya bar ni ina bitar kiɗa a kaina.

Ranar Kirsimeti ta zauna a bencin gaba da sabon zanenta. Ana tsakiyar waƙa na ɗaga hannu don in juya takardar kiɗan, mawaƙa suna jan numfashi, sai kawai Inna ta miƙe tana tafi har da guɗa. Majami'a ta kwashe da dariya, ni kuwa na ruɗe na tafka kuskure. Muna fita na hau ta da faɗa, na ce ta kunyata ni gaban jama'a. Ta ƙura wa bakina ido tana murmushi, ta ce ta ga hannuna na gudu kamar na masaƙi, sannan ta tambaye ni ko kiɗan ya yi daɗi. Nan na gane ba ta jin komai, ɗaga hannuna ta gani ta ɗauka na gama. Da muka je asibiti, likita ya ce da an zo da wuri da an ceci jinta, ya tambaya wa ke zaune da ita a gida. Na kasa cewa ni ce.

Ban ɗora wa piyano laifi ba, har yau ina kaɗawa. Abin da na gane shi ne, duk lokacin da na ce na samu, daga hannun wani na karɓe shi, kuma na zaɓi wadda na san ba za ta yi ƙorafi ba. Masu koyon wani abu cikin tarin aiki, don Allah ku duba wa kuke rage wa lokaci, kuma in mai ciwo ya yi shiru kada ku ɗauka sauƙi ya samu. Inna ta yi shekaru tana zama bencin gaba duk Lahadi saboda ni, har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa jin kiɗana ba.